Kafin Ku Zagi Ƙungiyar Magadan Gari

Na gaji da jin ƴan fada suna cewa AMN, ƙungiyar kananan hukumomin Nijar, taron cin kuɗin zama ce kawai. Haba jama'a! Magajin garin Droum shi kaɗai, in ya kwashi takardunsa ya tafi Yamai, wane minista zai buɗe masa ƙofa? Ko a Mirya sai ya yi jira. Amma magadan gari sama da 260 in suka haɗa baki, dole a saurara.

Tun zaɓen 2004 suke naci, har a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Na sani, an ba su kaya an riƙe gammo: kuɗin bai biyo aikin ba, shi ya sa har yau ƙannenmu ke karatu a ajin zana. To wa ya yi ta faɗin haka a gaban mahukunta? Mu ne, da muke gindin shayi?

A Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Kantoma ba ƙuri'armu ta kawo shi ba. In famfon ƙauyenku ya mutu, wa za ku tsare a kasuwa ku tambaya?