Shafin Kulob Ɗinmu: Mu Dai WordPress Muka Zaɓa

'Yan'uwa ɗalibai, tunda maganar buɗe wa kulob ɗin 'yan jarida shafin intanet ta taso, kowa na jan nasa. Wasu sun ce Facebook ya wadatar, wasu Blogger, 'yan ajin kwamfuta kuma sun kafe kan Joomla da Drupal. Mu a kwamitin editoci WordPress muke so.

Ba mu raina Drupal ba. Tun 2001 yake, manyan jami'o'i da hukumomi a Turai da Amurka suna aiki da shi, kuma kusan komai ana iya ginawa a kansa. Amma wa zai gina? Wanda ya iya shi yau yana aji shida. Da an gama WAEC da NECO zai wuce jami'ar Aliero ko Sakkwato, ya bar mu da mota ba direba. Joomla ya ɗan fi sauƙi, sai dai shi ma yana son kwamfuta da doguwar koyo, ga wutarmu kun san halinta.

Blogger kyauta ne, na Google ne, duk mai Gmail zai buɗe shi nan take. Matsalarsa ɗaya: wanda aka ba izinin rubutu, shi ke wallafawa da kansa. A nan bango kuwa ba a liƙa takarda sai malamin kulob ya duba. Idan kuskure ya fita a bango, a yage a sake. Idan ya fita a intanet, kafin a gyara an karanta shi a Jega da Maiyama, da sunan makarantarmu a sama. A WordPress ana iya ba ɗalibi matsayin da zai rubuta ya tura, amma rubutun ba zai fito ba sai edita ya amince. Wannan ne ya fi jan mu. Yana da manhajar waya, kuma tun fitowarsa a 2003 ya yaɗu har fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suna kansa, don haka mai koya mana ba zai yi wuyar samu ba.

Facebook? A riƙa tallata labarai a can, amma gwada neman rubutun bara ka gani.

Akwai na kyauta mai ɗauke da talla. Da shi za mu fara. Adireshin makaranta mai ƙarewa da .sch.ng kuɗi ake biya duk shekara, sai mu kai kukanmu ga ƙungiyar iyaye da malamai. Sharaɗinmu guda: a buɗe shafin da imel ɗin makaranta, kalmar sirri kuma ta zauna a hannun malamin kulob da shugaban makaranta, ba a wayar wani ɗalibi ba.