AN ƊAURE KAYAN SANA'ARMU DA LAYIN WAYA, WA KE RIƘE DA IGIYAR?

'Yan'uwa mazauna wannan zango da sauran zangunan Kudu. Akwai wata magana da wasunmu ke yawan yi wadda ya kamata mu bar ta, wato wai "ni ba ruwana da intanet, harkar yara 'yan boko ce." Wannan kuskure ne babba. Ko ba ka taɓa buɗe Facebook ba, intanet ta riga ta shiga rumfarka da motarka da ɗakinka.

Dubi na'urar POS da mai nama ko mai shayi ke karɓar kuɗi da ita tun lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, layin waya ne a cikinta. Dubi manyan motocin da ke ɗauko tumatir da albasa zuwa Mile 12 da Bodija, da yawansu an sa musu na'urar bin sawu, ita ma da layi take aiki. Haka babur da keke na bashi, haka wutar sola da ake biya kaɗan-kaɗan, wadda ke kulle kanta ranar da aka fasa biya. Kowanne daga cikinsu yana aika saƙo ta ƙarfen sabis zuwa kwamfutar wani kamfani, daga can kuma ake ba shi umarnin ya yi aiki ko ya tsaya. Tun da aka fara sabis ɗin 5G a ƙasar nan a 2022, kamfanonin sadarwa ke tallar cewa nan gaba komai zai hau layi.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma idan abincin mutum ya rataya a kan layi, to wuƙa da nama suna hannun mai layin. Mun kuma ga yadda ake yanka.

A watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci a rufe sabis a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Aka yi makonni mu a nan ba mu iya jin muryar iyayenmu, ba mu san ko kuɗin da muka tura ya isa ba, fatake kuma ba su san inda kayansu suke ba. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kiran waya saboda ba a haɗa su da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba. A ƙarshen Yuli na 2024 aka sake rufe layuka masu yawa, har sai da jama'a suka cika ofisoshin kamfanoni kafin hukumar ta ce a buɗe. A watan Janairu na 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Wa ya fi shan wuya a irin wannan? Baƙo. Bahaushen da ma'aikacin rajista ya rubuta masa Mohammed a nan, Muhammadu a can, Mamman a banki, sai kwamfuta ta ce mutum uku ne. Ɗan cirani da ya tafi gida noma ya daɗe bai taɓa layinsa ba, ya dawo ya tarar an sayar wa wani, alhali saƙon bankinsa a kan layin yake shiga. Matar aure da layinta ke ɗauke da sunan wanda ya sayar mata a bakin titi. Jiya asarar ita ce rashin kira, yau kuwa rumfa ce ke tsayawa.

Kada kowa ya ce mana kamfanoni ba sa canzawa. Da aka fara wayar salula a 2001, da minti ake caji, aka ce caji da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Da Glo ta zo da shi a 2003, sai ga shi ya yiwu ga kowa.

Don haka ga abin da muke nema. Kada a rufe layin da ke ɗauke da kayan sana'a sai an sanar da mai shi cikin harshen da yake ji, an kuma ba shi lokaci. A riƙa gyara kuskuren suna ba tare da wahalar da mutane ba. Duk wanda zai sayar mana da na'ura mai layi ya faɗa mana a rubuce wa ke iya kashe ta, kuma wa ke ganin inda muke zuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kowa haƙƙin sanin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara shi. Wannan haƙƙi bai tambayi jihar da aka haife ka ba.

Mu ma da namu aikin. Kowa ya yi rajistar layi da sunansa, ya daidaita shi da na NIN da na banki. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar bashin babur ko sola sai an karanta maka ita, ajinmu na yaƙi da jahilci na nan don haka. In kamfani ya ƙi sauraronka, ka karɓi lambar ƙorafinka ka kira 622, layin kyauta na NCC, sannan ka kawo wa ofishin ƙungiya mu haɗa da na sauran 'yan'uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mana sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya