INJIN BAN RUWA MAI AIKI DA RANA: WA ZAI CI RIBARSA A ƘASARMU?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Yau maganarmu a kan wani sabon ciniki ne da ya shigo ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, watau cinikin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda jama'a ke kira sola.

Dattawanmu da jigo suka yi noman rani. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Amma wanda gonarsa ba ta bakin magudana, sai a shekarun 1980 ya sami sauƙi, sa'ad da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyin fadama da ƙananan injuna masu shan fetur. Haka aka zauna har ran 29 ga Mayu 1999 ta cika shekara 24, watau ran 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta haura 1,000 a wurare da yawa. To, manomin da ke ba albasa ko tumatir ruwa wata uku ko huɗu, rabin ribarsa sai ta tafi gidan mai. Dalilin da ya sa idon kowa ya koma kan rana ke nan, don ita ba a sayenta.

Sai dai abin lura, injin sola yana da araha wajen aiki, yana da tsada wajen saye. Talaka ba ya iya biya gaba ɗaya. Har wa yau kuma ba kamar buhun gishiri ba ne da za a sayar a rabu. Mutum huɗu ya ke bukata: mai kawo kayan, da masani mai ba da shawara wanda zai auna zurfin rijiya da faɗin gona ya faɗi girman injin da ya dace, da mai haɗawa da gyara, sa'an nan manomi. In ɗaya ya ɓace, sauran ukun sun yi hasara. Mun ga misali a Kadawa. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir wadda aka shirya ta sarrafa tan 1,200 kowace rana, amma tsutsa ta cinye gonaki a shekarar, masana'anta ta rasa abin niƙa. Na'ura komai girmanta ba ta tsayawa sai da mutanen da ke kewaye da ita.

Kuɗin taimako kuwa akwai su. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Jihar Kano kuma ta sami shirin KSADP na noma da kiwo da kuɗin Bankin Musulunci. Amma irin waɗannan shirye-shirye ba su cika magana da mutum ɗaya ba, da ƙungiya mai rajista su ke magana. Wanda ya iya rubuta takarda shi ke samun kwangila, ko da bai taɓa taka fadama ba. In mutanen ƙasa ba su haɗa kai ba, baƙo zai zo ya kafa injuna ya tafi, ranar da suka lalace babu mai gyara.

Don haka ga shawarata. Kwanar Ɗangora mararraba ce, nan hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta bi Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos. Babu wurin da ya fi ta dacewa da zaman ƙungiyar wannan sana'a. Attajirai su haɗa jari su sayo kaya mai kyau a dunƙule. Ƙungiya ta ɗauki masani amintacce, ta nemi shawarar ma'aikatan tashar binciken ban ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa. Amma ladan masanin ya fito daga ƙungiya, kada ya fito daga hannun mai sayarwa, gama wanda ke cin la'ada a kan girman inji ba zai ce ƙarami ya isa ba.

Mu malamai kuma muna da namu rabo. Na farko, almajiranmu manya da suka sauke, me zai hana a ba su ga masu haɗa sola su koyi aiki, kamar yadda a da a ke ba su ɗinkin hula da dukanci? Na biyu, mu bayyana wa jama'a hukunci. Sayar da inji bashi zuwa kaka ya halatta, ko da kuɗin ya fi na hannu, muddin an yanke farashi da ajali tun wurin ƙulla ciniki. Amma a ce in ajali ya wuce bashi zai ƙaru, wannan riba ce ta haram. Sayar da tsohon faranti da sunan sabo, ko liƙa masa lambar ƙarfin da ba shi da shi, algus ne, daidai da tauye mudu.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tsadar fetur ita ke sa manomi ya kashe inji in gona ta ƙoshi. Rana kuwa kyauta ce, sai a bar inji yana zuba tun hantsi har la'asar. In kowa ya yi haka, ruwan ƙasa zai ja baya, mai gajeriyar rijiya shi zai fara kuka, shi ne kuwa talaka. Shari'a ta hana ɓarnar ruwa ta kuma hana cutar da maƙwabci. Ya kamata ƙungiya tare da dagatai su tsara tazarar rijiyoyi da lokutan ban ruwa tun kafin rigima ta tashi.

Rani na tafe, kuma da zarar an cire amfanin damina za a soma neman inji. Attajiran Kwana da limaman garuruwa su zauna tun yanzu su rubuta sunayensu su nemi rajista. Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya tsare mu daga haram, amin. Haza wasalam.