SHARHI: Yadda tafiyar koci ɗaya ke wargaza tawaga a gasar zari-rugar jami'o'in Amurka

A ranar 1 ga Janairun 2026, Jami'ar Indiana ta lallasa Jami'ar Alabama da maki 38 da 3 a filin Rose Bowl da ke Jihar California. Ga wanda ya san tarihin wasan zari-ruga na jami'o'in Amurka, sakamakon tamkar almara ne. Alabama ta ɗauki kofin ƙasa sau shida tsakanin 2009 da 2020, ita kuwa Indiana, kafin kakar 2025, babu wata babbar jami'a da ta kai ta yawan shan kaye a tarihin gasar. Kwana 18 bayan wannan wasa, Indiana ta doke Jami'ar Miami da maki 27 da 21, ta lashe kofin ƙasa na farko a tarihinta, bayan ta ci wasanninta 16 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Wannan juyin waina ya samo asali ne daga sauye-sauyen dokoki na 'yan shekarun nan, waɗanda suka ba ɗan wasa damar bin kocinsa ko bin kuɗi duk inda suka nufa. A yau jami'ar da ta rabu da kocinta tana iya wayar gari babu tawagar da ta kwana da ita, kuma sau da yawa abokiyar hamayyarta ce ke kwashe ganimar.

Gasar ɗalibai, kuɗin manya

Sunan gasar na iya sa mai karatu ya ɗauka wasan motsa jiki ne na 'yan makaranta. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, alhali Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola da ke Abuja kimanin 60,000 yake ɗauka. Rukunin jami'o'i na Big Ten ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a talabijin a kan kimanin dala biliyan 7 na tsawon shekara bakwai. A jihohi da dama na Amurka, kocin zari-ruga na jami'ar jiha shi ne ma'aikacin hukuma mafi tsokar albashi. Kirby Smart na Jami'ar Georgia yana karɓar kimanin dala miliyan 13 a shekara, yayin da albashin shugaban Amurka yake dala 400,000.

Shekara da shekaru, 'yan wasan da ke jawo wannan dukiya ba sa samun komai sai gurbin karatu kyauta, abinci da masauki. Wanda ya so sauya jami'a kuma, yawanci sai ya zauna kaka guda ba ya wasa. Saboda haka dabarar gina tawaga ɗaya ce: a yi zawarcin yaran da suka fi fice a makarantun sakandare, a sa su rattaba hannu, a horar da su shekara uku ko huɗu. Ko koci ya tafi, yaran suna nan.

A Oktoban 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa don sauran jami'o'i su neme shi. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan hukumar a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin wannan shekara aka halatta wa ɗan wasa cin kuɗi da sunansa da hotonsa. A 2024 aka cire iyakar yawan sauya sheƙa. Daga bisani, a ranar 6 ga Yunin 2025, Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sasancin shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan baya, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Ritayar Saban da abin da ta haifar

Babu inda tasirin sabon tsarin ya fito fili kamar a Alabama. Nick Saban ya yi ritaya a ranar 10 ga Janairun 2024 bayan kaka 17 yana jan ragamar tawagar, da kofin ƙasa bakwai a tarihinsa, shida a Alabama, ɗaya a LSU. Daga baya ya bayyana cewa yawan tambayar da 'yan wasa ke yi masa kan nawa za a biya su, da kuma tabbacin cewa ba za a ajiye su a benci ba, na cikin abin da ya sa ya ga zamani ya sauya.

Cikin kwana biyu Alabama ta ɗauko Kalen DeBoer daga Jami'ar Washington, wanda bai fi kwana huɗu da buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa ba. Washington ta ɗauko Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauko Brent Brennan daga San Jose State, ita kuma ta fita neman nata. Ritayar mutum ɗaya ta girgiza jami'o'i huɗu a jere, kuma a kowacce doka ta buɗe wa 'yan wasa ƙofar fita ta kwana 30.

Caleb Downs, matashin ɗan bayan da ya fi kowa fice a Alabama a 2023, ya koma Ohio State. Haka ma Julian Sayin, mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari, wanda Alabama ta sha wahala kafin ta same shi daga sakandare. A Oktoban 2024 Alabama, tana matsayi na ɗaya a ƙasa, ta sha kaye a hannun Vanderbilt, karo na farko tun 1984, ta ƙare kakar da nasara tara da rashin nasara huɗu. Ohio State kuwa, da Downs a bayanta, ta doke Notre Dame da maki 34 da 23 a ranar 20 ga Janairun 2025 ta ɗauki kofi. Daraktan wasannin jami'ar, Ross Bjork, ya ce kuɗin da 'yan tawagar suka samu a wannan kaka ya kai kimanin dala miliyan 20.

Tsohuwar gaba, sabon makami

Ohio State ba ta zuba wannan kuɗi don Alabama ba. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne Michigan, wadda suke hamayya da ita tun 1897. Michigan ta doke ta a 2021, 2022 da 2023, ta kuma ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2024. Ko a shekarar da Ohio State ta lashe kofi, sai da Michigan ta bi ta har gida ta ci ta da maki 13 da 10, har magoya baya suka riƙa kiran a kori koci Ryan Day. Jami'ar ta haƙura da shi, kuma bayan mako bakwai ya kawo mata kofi.

Michigan ta bi hanya dabam, ba da son ranta ba. Jim Harbaugh ya tafi ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Chargers makonni kaɗan bayan ya ci kofi. An ɗaga mataimakinsa Sherrone Moore, kuma a Nuwamban 2024 jami'ar ta ƙwace Bryce Underwood, yaron da aka fi zawarci a ƙasar, daga hannun LSU, a cinikin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 10. Duk da haka, a Nuwamban 2025 Ohio State, da Sayin a gaba, ta ci Michigan da maki 27 da 9. A Disamba jami'ar ta sallami Moore bisa saɓa ƙa'idar aiki, ta ɗauko Kyle Whittingham daga Utah. Shi ne koci na uku da ya riƙe tawagar cikin shekara biyu, yayin da abokiyar hamayyarta ke riƙe da mutum ɗaya tun 2019.

Kuɗin sallama da asarar da ba ta shiga lissafi

Kakar 2025 ta zo da guguwar kora tun ana tsakiyar wasa. Penn State ta fara kakar a matsayi na biyu a ƙasa, ta sha kaye uku a jere, ta sallami James Franklin a ranar 12 ga Oktoba, da kuɗin sallama kusan dala miliyan 49 a rubuce, kodayake an sasanta a kan ƙasa da haka sosai bayan ya samu aiki a Virginia Tech. Babbar asarar ta bayyana ne a farkon Disamba, ranar da yaran sakandare ke rattaba hannu. Penn State ba ta naɗa sabon koci ba tukuna, yara biyu kacal suka sa mata hannu, da dama daga cikin waɗanda suka yi mata alkawari suka bi Franklin. Da ta ɗauko Matt Campbell daga Iowa State, shi ma sai ya taho da rukunin 'yan wasansa, ya bar tsohuwar jami'arsa da aikin sake gini.

Lamarin LSU ya fi jan hankalin duk wanda ya san yadda ake tafiyar da hukumomin gwamnati. Jami'ar mallakar Jihar Louisiana ce. Ta sallami Brian Kelly a ƙarshen Oktoba, da bashin kimanin dala miliyan 54 a kanta. Gwamna Jeff Landry ya fito bainar jama'a ya soki irin waɗannan kwantiragi, ya ce daraktan wasanni Scott Woodward ba shi zai zaɓi sabon koci ba. Woodward shi ne ya ɗauki Jimbo Fisher aiki a Texas A&M a 2017, wanda aka sallama a 2023 da sama da dala miliyan 75, kodayake an tsawaita wannan kwantiragi ne bayan Woodward ya bar can. Kwana ɗaya bayan kalaman gwamnan, Woodward ya bar kujerarsa.

Wata guda bayan haka, LSU ɗin da aka yi wa huɗubar tattali ta ba Lane Kiffin kwantiragin shekara bakwai na kimanin dala miliyan 91. Kiffin ya bar Ole Miss, maƙwabciya kuma abokiyar hamayyar LSU, a ranar 30 ga Nuwamba, alhali tawagarsa ta ci wasa 11 cikin 12 tana shirin shiga zagayen neman kofi. Jadawali ne ya tilasta gaggawar: saura kwana uku yaran sakandare su fara sa hannu, kuma rajistar sauya sheƙa za ta buɗe a ranar 2 ga Janairu. Jami'o'in kan ce masu ba da gudummawa da kuɗin shigar wasanni ne ke biyan irin waɗannan kuɗaɗe, amma sunan jami'ar gwamnati ne a kan takardar. Ole Miss dai ta ɗaga mataimakinsa Pete Golding, ta riƙe 'yan wasanta, ta doke Georgia ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Abin da Indiana ta gane

Curt Cignetti ya yi wa Saban mataimaki a Alabama daga 2007 zuwa 2010, kuma zawarcin yaran sakandare na cikin aikinsa. Ya bar wannan daula ya koma ƙananan jami'o'i, ya yi shekara goma sha uku yana hawa mataki-mataki har James Madison. Lokacin da Indiana ta ɗauke shi a ƙarshen 2023, yana da shekara 62, tawagar kuma wasa uku ta ci cikin 12 a kakar da ta gabata.

Ya taho da 'yan wasa 13 daga James Madison, waɗanda suka riga suka san tsarinsa. A kasuwar sauya sheƙa ya fifita waɗanda suka riga suka nuna aiki a fili a kan yaran da ake yi wa kirari tun daga sakandare. A 2024 ya ci wasa 11. A 2025 ya ɗauko Fernando Mendoza daga Jami'ar California, wanda ya ƙare da lashe kambun Heisman na ɗan wasan da ya fi kowa a ƙasa. Ƙofar da ta kwashe wa Alabama 'yan wasa ita ce ta cika wa Indiana tawaga. Ba kuma da hannu wofi aka yi aikin ba: attajirai irin su Mark Cuban, tsohon ɗalibin jami'ar, sun ba da gudummawa, kuma a Oktoban 2025, da manyan kujeru suka fara zama babu kowa, Indiana ta yi maza ta ɗaure Cignetti da kwantiragin shekara takwas na kimanin dala miliyan 93.

Abin lura a nan shi ne, jami'o'in da suka ɗauki kofi a kakar 2024 da ta 2025 duka sun shiga kakar da kocin da 'yan wasansu suka sani. Waɗanda suka kori koci a tsakiyar kaka kuwa sun biya kuɗin sallama, sun biya sabon koci, sannan suka koma kasuwa sayen tawagar da za ta maye gurbin wadda ta watse.

Abin da ya rage

Dokokin ba su zauna ba tukuna. An taƙaita lokacin sauya sheƙa zuwa zango ɗaya, daga 2 zuwa 16 ga Janairu. An kafa sabuwar hukuma da ke tantance duk cinikin talla da ya kai dala 600, don hana attajirai ɓoye albashi a cikin rigar talla. Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin zartarwa game da wasannin jami'o'i a Yulin 2025, amma batun ko 'yan wasan ma'aikata ne ko ɗalibai yana nan a gaban kotuna da 'yan majalisa. Ɗaliban ƙasashen waje, har da 'yan Najeriya da ke shiga da bizar karatu, suna cikin tsaka mai wuya, domin dokar shige da fice ta taƙaita musu aikin samun kuɗi a cikin Amurka.

Kakar 2026 za ta gwada lissafin kowa. LSU, Penn State da Michigan za su shiga fili da sababbin masu horarwa da tawagogin da aka harhaɗa cikin makonni. DeBoer zai shiga shekararsa ta uku a Alabama, inda ake auna kowane koci da ma'aunin Saban. Indiana kuma za ta fuskanci abin da ba ta taɓa fuskanta ba: manyan jami'o'i da jakar kuɗi suna zawarcin mataimakan kocinta da 'yan wasanta.