Gidan Da Ka Sayar Da Gidan Da Aka Karɓe

A garinmu Tozai akan yafe wa mutum laifuffuka da yawa, amma ba a yafe wa wanda ya sayar da gidan ubansa. Za a yi ta nuna shi da baki a majalisa, a goranta wa 'ya'yansa ranar da faɗa ya haɗa su da wasu yara. Wanda kuwa ya zauna har mai bashi ya zo ya karɓe gidan, sai a ce ƙaddara ce ta same shi, a yi masa jaje. Wannan hukunci namu na zo in ƙalubalanta, domin da idona na ga irin ɓarnar da yake yi.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Mu da abincinmu ke tsakanin kasuwar Illela da Ƙwanni mun fi kowa jin jiki. Ba a buɗe ƙofar Illela ba sai a Disambar 2020, kuma kafin mutane su gama miƙewa aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A wannan tsakanin ne kawuna, wanda ke fataucin wake da dabbobi, ya karɓi kuɗi a hannun wani attajiri, ya jingina gidansa. Aka rubuta takarda cewa idan shekara ta zagayo bai biya ba, gida ya zama na mai kuɗi. Gidan kuwa ya kusa ninka bashin a daraja.

Da wa'adi ya rage wata uku na same shi a zaure, na durƙusa na ce, "Kawu, da ka nemi mai saye tun yanzu. Ka biya mutumin nan, abin da ya rage ka sayi fili ka yi ɗaki biyu." Ya dube ni ya ce, "Yaro, so kake a ce ni na sayar da gidan da aka binne cibiyata?" Ban sake tanka masa ba, kuma har yau ina cizon yatsa a kan shirun da na yi. Wa'adi ya cika, gida ya tafi, rarar da ta isa ta riƙe iyalinsa ta bi gidan. Babu wanda ya goranta masa, gaskiya ne. Sai dai babu kuma wanda ya ba shi ɗaki cikin masu yi masa jaje.

Maƙwabcinsa ya shiga halin da ya fi wannan muni, domin shi bashin ma ya fi ƙarfin gidan. Ya haɗiye kunya, ya tafi da liman da dattawa biyu wurin mai bashi, ya ce zai sayar da gidan da kansa, ya miƙa kuɗin gaba ɗaya, a yafe masa cikon. Mai bashi ya yi lissafi: zirga-zirgar kotu, watanni na jira, ga gidan ƙasa da damina ke ci kullum. Ya yarda. Aka rubuta yafiyar, shaidu suka sa hannu. Mutumin ya fita ba gida, amma ya fita ba igiya a wuyansa, kuma 'yan kasuwa ba su daina ba shi kaya ba, domin sun ga yadda ya rabu da na farko.

Ba mu kaɗai muka san waɗannan hanyoyi biyu ba. Lokacin da darajar gidaje ta faɗi a Amurka a 2008, magidanta masu ɗimbin yawa suka wayi gari bashin banki ya fi kuɗin gidajensu. Wasu suka nemi yardar banki suka sayar a kan abin da ya samu, wasu suka jira aka ƙwace aka yi gwanjo. Dukansu sun rasa gida. Amma wanda ya sayar da kansa yana da ta cewa a kan farashi da ranar tashi, yakan kuma nemi a rubuta masa yafiyar ciko. A gwanjo kuwa babu mai tambayar ra'ayinsa, kuma mai saye a gwanjo araha ya zo nema.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, takardar da ta cinye gidan kawuna ba ta da gindin zama a shari'ar da muke bi. A mazhabar Malikiyya jingina tabbaci ce kawai, ba ta zama mallakar mai bashi don wa'adi ya wuce. Idan an kasa biya, sai a sayar da abin bisa yardar mai shi ko umarnin alƙali, a cire bashi, a mayar masa da rara. Malamanmu sun san haka, suna karantar da shi a zaure. To, me ya sa ake sa hannu a irin wannan takarda a gaban dattawa, kowa ya kawar da kai? Ina jin amsar ita ce, mai kuɗi kowa na sa ran buƙatarsa gobe.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce dillalai na shinshino mai neman kuɗi ido rufe, su karya masa farashi. Haka ne, shi ya sa nake cewa a fara da wuri, tun akwai sauran numfashin da za a ce wa mai tayi albarka. Za a ce gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan ma gaskiya ne, amma hujja ce a kan jinginar tun farko. Gidan da 'yan'uwa mata ke da kaso a ciki bai kamata a kai shi jingina ba tare da saninsu ba, kuma idan an karɓe, kasonsu ma ya tafi. Za a kuma ce haƙuri na iya kawo mafita kafin wa'adi. Yana iya kawowa. Wanda ke da hatsi a rumbu ko bashi a hannun wasu, ya nemi ƙarin lokaci, addini ma ya kwaɗaitar da mai bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Amma wanda jarinsa ya riga ya karye, abin da yake kira haƙuri tsoron bakin mutane ne.

Mu ne mutanen nan da ake tsoro. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mun mayar da biyansa da dukiyar kai abin kunya. Kawuna yanzu yana haya a Illela. Ranar Lahadi yakan zauna a gefen kara yana yi wa wasu dillanci, kuma idan wata hidima ta kawo shi Tozai, yakan zagaya ta bayan masallaci don kada ya bi ta ƙofar gidan.