Man Agadem Da Iyakarmu Ta Kamba

Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Kamba, in ya tsallaka iyaka kaɗan sai Gaya. To, ta wannan yanki ne bututun man Jamhuriyar Nijar ya ratsa, tun daga rijiyoyin Agadem har bakin teku a ƙasar Benin, tsawon kusan kilomita 2,000. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi, aka fara yi wa jiragen ruwa lodi a 2024.

Inda dukiya irin wannan take, ga kuma yuraniyom a Arlit, manyan ƙasashe ba su rasa dalilin zuwa. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 sojan Faransa suka fita, na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, na Amurka kuma suka bar sansaninsu na Agadas a shekarar. Kowannensu ya ce zaman lafiya ya kawo shi. Mu dai ba mu gan shi ba tukuna.

Abin da muka gani shi ne an rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, an yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, haɗin kan sojan ƙasashen biyu ya yi rauni. Ɓarakar nan Lakurawa suka samu. A Nuwamban 2024 suka auka wa Mera ta ƙasar Augie, cikin masarautar Argungu, suka kashe mutum 15. A Disamban 2025 kuwa har Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato.

Kabawa sun san irin wannan tun dā. Ingila da Faransa ne suka yi ta jan layi a 1890 da 1898, har suka daidaita a 1906, suka raba Dandi da Arewa gida biyu, ba wanda ya shawarci Sarkin Kabi.

Saboda haka muna roƙon Gwamnati ta ci gaba da neman shiri da Yamai, ko da ba ta son irin sarautar da ke can, don a riƙa sintiri tare. Ku kuma malamai da akawuna, ku ne kusa da dagatai. Baƙin da suka zo ƙauye suna karɓar shanu da sunan zakka, ko yaran da suka ɓace daga aji babu dalili, a rubuta wa hakimi a ranar, kada a jira rahoton ƙarshen wata.