Sayar da Agogo Mai Tsada ta Intanet: Wace Shaida Za a Yarda da Ita?

Agogo mai tsada ƙaramin abu ne da ke ɗauke da dukiya mai yawa. A shekarar 2024 farashin sabon agogon Rolex samfurin Submariner, na ƙarfe zalla wanda babu zinariya a jikinsa, ya haura dala 9,000 a kantunan da kamfanin ya amince da su, wato fiye da naira miliyan 13 a canjin ƙarshen wannan shekara. Amma nauyinsa bai kai giram 200 ba. Yana shiga aljihu, yana ƙetare iyakar ƙasa a ɗaure a hannu, kuma yana da masu saye a Dubai kamar yadda yake da su a Landan da Legas. Mota tana da lamba, gida yana da takarda kuma ba ya motsawa, amma agogo da zarar ya bar hannun mai shi, to, sai dai labari. Wannan ne ya sa 'yan damfara suke yi wa duk wanda ya tallata irin wannan agogo a intanet caa, kamar ƙudaje sun ga nama.

Mai karatu, musamman ɗan makaranta, zai iya cewa ina ruwansa da Rolex. Ruwansa kuwa yana nan. A yawancin gidajenmu yaron da ya iya waya shi ake miƙa wa irin wannan aiki. Mahaifi ko kawu ya shiga matsi yana son ya rabu da Rado ko Omega da ya saya shekarun baya, ko kuwa magada sun tarar da agogo cikin kayan mamaci suna son a mayar da shi kuɗi a raba, sai a ce wane ya ɗauki hotonsa ya sa a Jiji ko Facebook. Idan aka yi asara, ta gida ce gaba ɗaya, zargi kuma yana kan yaron. Bayan haka, dabarun da ake cutar mai agogo da su, su ne dai ake cutar mai sayar da waya ko kwamfuta da su. Yawan asarar ne kawai ya bambanta.

An saba ɗauka cewa mai saye shi ne ke cikin haɗari, domin jabun agogo sun cika kasuwa. Mai sayarwa kuwa yana ganin tunda kayan na hannunsa ba shi da abin tsoro. A ganina shi ya fi zama cikin haɗari, domin mai saye yana iya kai agogo wurin gwani a buɗe shi a duba, shi kuwa mai sayarwa abin da ake ba shi lambobi ne a fuskar waya. Ra'ayina a kan wannan shi ne, duk wata shaidar biya da ta fito daga hannun mai saye ba shaida ba ce. Shaida ita ce wadda mai sayarwa ya nemo da kansa daga bankinsa, kuma ko bayan ya same ta, akwai sauran tambaya: shin wannan kuɗi zai iya komawa inda ya fito?

Ilimin halittu yana da misalin da zai taimaka mana. A Amurka ta Arewa akwai ƙwarin nan masu walƙiya da dare, wato maƙesu, waɗanda namijinsu ke gane macen jinsinsa ta yanayin ƙyaftawar haskenta. A shekarar 1965 wani masanin ƙwari mai suna James Lloyd ya bayyana cewa macen wani jinsi da ake kira Photuris tana kwaikwayon ƙyaftawar macen jinsin Photinus, namiji ya sauko yana zaton ya sami mata, ita kuwa ta kama shi ta cinye. Abin lura shi ne ƙyaftawar ba ta da wuyar kwaikwayo, kuma duk alamar da ba ta da wuyar kwaikwayo, alhali akwai riba a kwaikwayonta, to, za a sami mai kwaikwayonta. Saƙon banki da ke shigowa waya, wanda jama'a ke kira alat, irin wannan alama ce.

Kuɗin da ke banki rubutu ne a kundin bankin, wanda a yau yake cikin kwamfuta. Alat kuwa labari ne kawai game da wannan rubutu, kuma yana biyo hanyar da kowane saƙon waya ke bi. Akwai kamfanonin da ke aika saƙonni da yawa a lokaci guda domin talla, kuma mai amfani da su yana iya zaɓar sunan da zai bayyana a matsayin mai aikawa. Inda ba a tsaurara bincike ba, ɗan damfara yana iya sa suna mai kama da na banki, har wayar ta jera saƙon nasa a ƙarƙashin saƙonnin bankin na gaskiya. Hoton rasit da ake turowa ta WhatsApp ya fi wannan sauƙi, domin duk wanda ya iya gyara hoto zai haɗa shi cikin 'yan mintuna. Saboda haka mai sayarwa ya buɗe manhajar bankinsa a wayarsa shi kansa, ko ya danna lambobin duba asusu, ya ga jimillar kuɗinsa ta ƙaru da adadin da aka yi ciniki. Kada ya duba a wayar mai saye, kada kuma ya bi wata mahaɗa da aka turo masa.

A nan ne mai saye zai ce kuɗin na hanya, matsalar netwok ce. A Nijeriya tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda hukumar NIBSS ta ƙaddamar a shekarar 2011, yakan isar da kuɗi cikin daƙiƙoƙi. Gaskiya ne wani lokaci yakan yi jinkiri, kuma duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san haka. Amma idan kuɗi ya yi jinkiri, agogo ma sai ya yi jinkiri. Mutumin kirki ba ya asarar komai don ya dawo gobe.

Mataki na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma shi ya fi cin masu ilimi: kuɗi ya shigo da gaske, an gan shi a asusu, amma irin wanda ake iya janyewa ne. Cek shi ne tsohon misali. A Amurka wata doka ta shekarar 1987 ta tilasta wa bankuna su bar mutum ya taɓa kuɗin cek ɗin da ya ajiye cikin 'yan kwanaki kaɗan, alhali gano cewa cek ɗin jabu ne yana iya ɗaukar makonni. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ɗan damfara yake aikinsa. Mai agogo ya ga kuɗi, ya aika da kaya, bayan mako biyu ko uku banki ya zare kuɗin. Sau da yawa ma ana ƙara masa gishiri: a rubuta cek ɗin da ya zarce kuɗin ciniki, a ce kuskure ne, a roƙe shi ya mayar da rarar. Ya mayar da kuɗinsa na gaskiya a kan kuɗin da babu shi, ya rasa agogo, ya rasa rarar.

Biya da katin banki ma haka yake. Mai kati yana da damar ya ƙalubalanci biyan ta hannun bankinsa, galibi har zuwa kwana 120, ya ce ba shi ya yi ba ko kayan bai iso ba. Kamfanin PayPal, wanda 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka ke yawan amfani da shi, ya daɗe yana ba mai saye har kwana 180 ya shigar da ƙorafi. Yana da kariya ga mai sayarwa, amma da sharuɗɗa: a aika kayan zuwa adireshin da ke rubuce a takardar cinikin, a kuma riƙe shaidar isarwa, da sa hannun mai karɓa idan kayan mai tsada ne. Shi ya sa ɗan damfara yakan biya, sa'an nan ya ce a aika wa ƙaninsa a wani gari daban. Kuma wannan kariya ba ta cika yin amfani ba idan mai saye ya ce agogon da ya iso ba shi ne aka kwatanta masa ba, ya mayar da jabu a madadin na gaske. An yi waɗannan ƙa'idoji ne domin kare mai saye daga mugayen 'yan kasuwa, kuma sun dace da babban kanti mai iya haɗiye asara ɗaya cikin ciniki dubu. Mutumin da agogo ɗaya tak yake da shi ba zai iya haɗiye ta ba.

Akwai kuma kuɗin da yake na gaske, mai saye ba zai iya janye shi ba, amma ba nasa ba ne. Ɗan damfara yakan kwashi hotunan agogon ya tallata shi a wani wuri da araha, ya sami wani bawan Allah ya ce masa ya biya a asusun mai agogon na ainihi. Kuɗi ya shigo, mai agogo ya miƙa wa ɗan aiken da aka turo, shi kuwa wanda ya biya ya jira shiru, ya kai ƙara. Sunan da ke takardar banki na mai agogo ne, don haka asusunsa ake rufewa, shi kuma 'yan sanda ke nema. Haka abin yake idan an turo kuɗin daga asusun da aka yi wa kutse. Maganin wannan ba shi da wuya: sunan da ke kan asusun da ya turo kuɗi dole ya zama shi ne sunan da ke katin shaidar mutumin da ke tsaye gabanka zai karɓi agogo. Idan aka ce asusun matata ne ko na maigidana, sai a ce to, mai asusun ya zo.

Kakanninmu sun san wannan matsala tun kafin intanet, shi ya sa suka hana cinikin biri a sama, suka kuma ƙirƙiro dillali da fatoma. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa ke sayar wa mahauta bashi ba tare da wata takarda ba, domin maigidan da suka sauka wurinsa shi ke tsayawa a kan kuɗin, kuma mutuncinsa shi ne jarinsa. Abin da wasu kamfanoni ke yi ke nan a yau. Chrono24, kasuwar agogo ta intanet da ke da cibiya a Karlsruhe ta ƙasar Jamus, tana riƙe kuɗin mai saye a wurinta har kaya ya isa, sa'an nan ta sakar wa mai sayarwa bayan ta cire la'ada. Kamfanin eBay kuwa ya fara a shekarar 2020 a Amurka da bi da agogunan da suka haura dala 2,000 ta hannun gwanaye masu tantancewa kafin su isa ga mai saye. Mutane da yawa suna gudun la'ada su koma ciniki kai tsaye, kuma ina ganin wannan rowa ce marar lissafi. Wanda ya ba da kashi kaɗan cikin ɗari ya tsira da sauran. Sai dai a kula, akwai dillalan jabu: idan mai saye ne ya kawo sunan kamfanin da zai riƙe kuɗi, ya turo adireshinsa na intanet, to, mai yiwuwa shi da kamfanin mutum ɗaya ne. Mai sayarwa ya zaɓa, ya rubuta adireshin da hannunsa.

Wani zai ce wannan duk zargin mutane ne, kuma ba tarbiyyarmu ba ce a sa dattijo mai babbar riga ya zauna jiran yaro ya gama bincikensa. Ina ganin ƙarfin wannan magana, domin yawancin masu saye mutanen kirki ne. Amma ɗan damfara ya san muna da kunya, kuma da ita yake aiki. Yakan zo da kwarjini, ba ya taya ciniki, ya yi salla tare da kai, sa'an nan ya ce jirginsa na tashi nan da sa'a guda. Rashin tayi kansa abin lura ne, domin wanda zai biya da kuɗinsa yakan nemi ragi. Hanyar kauce wa jin nauyi ita ce a rubuta sharuɗɗan a cikin tallan tun farko, yadda ba wanda zai ce shi aka raina. Malamai kuma su gaya wa ɗalibansu a fili cewa yaron da ya ce “Alhaji, a yi haƙuri, sai kuɗin ya zauna” bai yi rashin kunya ba.

Wurin da ya fi dacewa a haɗu shi ne cikin bankin mai sayarwa, da rana, tare da wani babba. Akwai masu gadi, akwai kyamara, kuma ma'aikaci zai iya tabbatar da shigar kuɗi ya buga takarda. Idan tsabar kuɗi ne, a ƙirga a kan kanta a zuba a asusu kafin a miƙa kaya, injin banki ya tace jabun takardu. A tuna kuma dokar hana safarar kuɗin haram ta Nijeriya ta shekarar 2022 ta hana mutum bayarwa ko karɓar tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5 in ba ta hannun banki ba, kuma agogo irin wanda muka fara da shi ya wuce wannan iyaka nesa.

Kowane agogo na irin waɗannan kamfanoni yana da lambarsa ta daban da aka zana a jikinsa. A ɗauki hotonta a adana, amma a rufe ta a hotunan talla, don kada masu haɗa jabu su kwafa. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da wannan lamba, da sunan mai saye, da sa hannun shaidu biyu. Idan kuwa an riga an yi asarar, a sanar da banki a wannan sa'a, domin kuɗin zamba ba ya kwana a asusu ɗaya, a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC tare da duk saƙonnin da aka yi musaya, kada a goge ko ɗaya. A kuma aika lambar agogon ga The Watch Register, wani kundin agogunan da aka sace da ke Landan, wanda dillalai da gidajen gwanjo a ƙasashe da dama ke dubawa kafin su sayi agogo daga hannun baƙo.